Idan mai kwarmato ya mayar da sirri garkuwarsa

Wani mai karatu daga Kaduna ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na sha jin cewa masu kwarmata asirin gwamnatoci, irin su Assange da Snowden, sukan ɓoye wasu takardu su ce duk ranar da aka taɓa su za a saki komai. Ni dai a ganina dabara ce, tunda mai ƙarfi ba ya jin roƙo, sai ya ga abin da zai ƙona shi. Amma wani abokina ya ce wannan ba shi da maraba da tsoratar da mutum don a biya buƙata. Shin daidai ne mutum ya kare ransa ta wannan hanya? Kuma tana ma yin aiki kuwa?"

Malam, na gode da tambayar. Abu biyu ka haɗa: ko dabarar tana kare mai yin ta, da kuma ko ta halatta ko da tana karewa. Na yi shekaru ina aiki a teburin binciken ƙwaƙwaf na jarida, kuma mutane sun sha kawo mini takardun da suka kwana suna tsoron riƙewa, don haka wannan magana ta shafe ni kai tsaye. Tun da fari zan gaya maka inda na tsaya. Ina tausaya wa duk wanda tsoro ya kai shi ga wannan shawara, amma a mafi yawan lokuta ba ta kare shi, kuma wanda yakan biya farashinta wani ne can da ba a tambaye shi ba. Ka dubi kalmar garkuwa a bakin Bahaushe. Ita ce abin da mayaƙi yake tare kibiya da shi, ita ce kuma muke amfani da ita idan aka ce an yi garkuwa da mutane. Takardun leƙen asiri cike suke da sunayen mutane, saboda haka wanda ya ce zai yi garkuwa da su ya kamata a tambaye shi wace garkuwar yake nufi.

Yadda abin ya samo asali

A ƙarshen watan Yulin 2010, 'yan kwanaki bayan shafin WikiLeaks ya saki dubban takardun yaƙin Afghanistan, sai aka ga ya ɗora wani babban fayil mai nauyin gigabait 1.4, an sa masa suna inshora. An kulle shi da tsarin kullewa na AES-256, wanda ba a buɗe shi sai da mabuɗinsa. Kowa yana iya sauke shi a kwamfutarsa, kuma dubban mutane sun sauke, amma ba wanda ya san abin da ke ciki. Saƙon a bayyane yake: fayil ɗin ya riga ya bazu a duniya, abin da ya rage kawai shi ne a furta kalmar sirrin. Lauyan Julian Assange, wanda ya kafa WikiLeaks, na wancan lokacin har ya kwatanta shi da makamin nukiliya.

Bayan shekara uku sai ga Edward Snowden, wanda a watan Yunin 2013 ya miƙa wa 'yan jarida takardun hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA a wani otal a Hong Kong. A watan Yuli, ɗan jarida Glenn Greenwald ya shaida wa jaridar La Nación ta Ajantina cewa an rarraba kwafin takardun a wurare daban-daban, kuma idan wani abu ya sami Snowden za a fitar da su gaba ɗaya. Irin wannan shiri shi ne zan kira kunamar mamaci, wato bindigar da ba ta tashi sai hannun mai riƙe da ita ya saki. Akwai kuma Sa'ad Aljabri, tsohon babban jami'in leƙen asirin Saudiyya da ke gudun hijira a Kanada, wanda a watan Oktoban 2021 ya faɗa wa shirin 60 Minutes na gidan talabijin ɗin CBS cewa ya naɗi bidiyon da za a saki idan aka kashe shi. Hukumomin Saudiyya suna cewa kuɗin gwamnati ya kwashe, shi kuma yana musantawa.

Kada mu yi saurin zargin waɗannan mutane. Aljabri yana magana ne bayan kisan da aka yi wa ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul ranar 2 ga Oktoban 2018. Snowden kuwa yana kallon shari'ar Manning, sojan da ya ba WikiLeaks takardu, wanda aka yanke wa shekara 35 a watan Agustan 2013, sai a 2017 Shugaba Obama ya sassauta hukuncin. Dokar cin amanar sirrin ƙasa ta Amurka ta 1917 ba ta ba wanda ake tuhuma damar ya tsaya gaban masu yanke hukunci ya ce don amfanin jama'a na yi ba. Mutum ɗaya da ya tsinci kansa gaban ƙasa sukutum, da kurkukunta da jiragenta da lauyoyinta, dole ya waiwaya ya ga me yake da shi a hannu. Sau da yawa ba shi da komai sai takardun.

Tana yin aiki kuwa?

Mu bi sawun Assange. An kama shi a Landan ranar 7 ga Disambar 2010, ba a saki mabuɗin ba. Ya shiga ofishin jakadancin Ekwado a Yunin 2012, ya zauna kusan shekara bakwai a 'yan ɗakuna, har 'yan sanda suka fito da shi ranar 11 ga Afrilun 2019, nan ma ba a ga an saki ba. Ya yi shekara biyar a kurkukun Belmarsh. Abin da ya fitar da shi a ƙarshe yarjejeniya ce da masu gabatar da ƙara, bayan doguwar shari'a da matsin lamba daga gwamnatin ƙasarsa Ostireliya. A watan Yunin 2024 ya amsa laifi ɗaya a wata kotun Amurka da ke tsibirin Saipan, aka sallame shi. Inshorar ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Barazanar tana da harsashi ɗaya ne tak. Idan ka harba don an kama ka, ba ka da sauran abin da za ka hana a yi maka mafi muni. Idan ba ka harba ba, an gane ashe kama ka ba ya tayar da ita. Gwamnatoci kuma sun san haka, sai su bi ka a hankali: a soke fasfo, a rufe asusun banki, a kai ƙara, a ja shari'a shekara goma. A wane mataki za ka ce yanzu an taɓa ni? Ga Aljabri, bidiyonsa na magana ne a kan ransa shi kaɗai. 'Ya'yansa biyu da ke Saudiyya an tsare su a watan Maris na 2020, kuma babu wata kunama da ta buɗe musu ƙofa.

Akwai wata illar da ta fi wannan tayar da hankali, wadda masanin tsaron kwamfuta Bruce Schneier ya nuna tun a 2013. Idan ka sanar cewa mutuwarka za ta saki asirin Amurka, ka hana Amurka kashe ka, watakila. Amma ka kuma sanar da duk wata ƙasa ko ƙungiya da ke kwaɗayin ganin wannan asirin cewa hanya mafi sauƙi ita ce a kawar da kai. Da kana da maƙiyi ɗaya, yanzu ka tara su. An gudu gara an tarar da zago ke nan. Shi kansa Snowden, da jaridar Washington Post ta tambaye shi a ƙarshen 2013, ya ce irin wannan shiri ya fi kama da kunamar kashe kai, kuma ba shi da ma'ana. Ya kuma ce bai shiga Rasha da takarda ko ɗaya ba, ya bar su duka a hannun 'yan jarida. A ganina wannan ita ce shawara mafi hikima da ya yanke a duk tafiyarsa: ya isa Mosko hannunsa wayam, don kada ya zama rumbun da kowa yake son fasawa.

Sai kuma matsalar mabuɗi. Shirin ba ya tafiya sai ka amince da wani, ko wasu, ko wata na'ura da za ta jira saƙonka kowane mako. Na'ura ba ta san ka kwanta asibiti ba, ba ta san an ɗauke intanet a garinku ba. Mutum kuwa yana mantuwa, yana jin tsoro, ana iya saye shi, kuma abokin yau yana iya zama abokin gaba gobe. Abin da ya faru da wasiƙun diflomasiyyar Amurka sama da 250,000 ya isa darasi. WikiLeaks ta fara sakinsu ne ranar 28 ga Nuwambar 2010 tare da manyan jaridu biyar, ana share sunayen waɗanda za su iya shiga haɗari. Amma Assange ya riga ya ba wani ɗan jaridar Guardian kalmar sirrin cikakken fayil ɗin. A watan Fabrairun 2011 aka buga kalmar a cikin wani littafi na wannan ɗan jaridar, shi kuma yana cewa an gaya masa ta wucin gadi ce. Shi kuwa fayil ɗin da ke kulle, magoya baya sun riga sun kwafe shi a wurare da yawa. Da aka haɗa biyun a ƙarshen Agusta, zuwa farkon Satumbar 2011 komai ya fito fili da sunaye. Har yau kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan laifi. Wannan ba shi ne fayil ɗin inshorar ba, amma ginin iri ɗaya ne, kuma ba wanda ya yi niyyar hakan ta faru. Haka ma a watan Agustan 2013, lokacin da aka tsare David Miranda, abokin zaman Greenwald, awa tara a filin jirgin saman Heathrow, gwamnatin Birtaniya ta shaida wa kotu cewa an same shi da kalmar sirrin ɗaya daga cikin fayilolin a rubuce a takarda.

Wa ke biyan farashin?

A cikin waɗancan wasiƙu akwai sunan wani ɗan jaridar Habasha, Argaw Ashine. Wata wasiƙar 2009 ta ambato shi yana cewa wata majiyarsa a gwamnati ta sanar da shi ana shirin far wa 'yan jaridar Addis Neger. A Satumbar 2011 'yan sanda suka yi masa tambayoyi, suka ba shi awa 24 ya faɗi sunan majiyar. Bai faɗa ba, ya bar ƙasarsa. Adalci ne in ƙara da cewa a shari'ar Manning, janar ɗin da ya jagoranci binciken ɓarnar ya shaida cewa ba su gano wani da aka kashe saboda takardun ba. Amma cuta ba ta tsaya ga kisa ba. Wanda ya rasa gida da aiki da ƙasa a kwana ɗaya an cuce shi, kuma bai taɓa shiga wata yarjejeniya da Assange ko da Amurka ba.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi, kuma ina roƙon ka gwada shi da abokin naka. Ka ɗauki abin da aka ɓoye a matsayin garkuwa ka tambaya: jama'a suna da haƙƙin su san shi? Idan suna da shi, don me ka ɓoye musu, kana ciniki da haƙƙinsu don lafiyarka? Ashe idan gwamnati ta kyale ka, ka yarda laifin ya ci gaba a rufe. Idan kuwa ba su da shi, wato sunayen masu ba da labari ne, ko hanyoyin da sojoji za su bi, ko lambobin wayar iyalan jami'ai, to da wane haƙƙi za ka yi barazanar sakinsa? Duk ta inda ka ɓullo akwai wanda ka ci amanarsa. Malamanmu suna cewa lalura takan halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta, kuma ba a kawar da cuta da wata cuta irinta.

Wata rana wani mutum ya same ni bayan sallar isha'i, ma'aikaci ne a wani ofishi da ke da alaƙa da sayen kayan tsaro. Ya ƙi zama a kujerar da ke kallon taga. Ya ciro ambulan mai ruwan ƙasa daga cikin babbar rigarsa ya ajiye, sannan ya sunkuya ya zaro 'yar ƙaramar ma'ajiyar kwamfuta daga cikin safarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ambulan ku buga. Wannan kuma ku ajiye, idan kun kwana uku ba ku ji daga gare ni ba, ku watsa shi duka." Na ambulan takardun biyan kuɗin kayan da ba a kawo ba ne, abin bugawa ƙwarai. Da muka buɗe ɗayan a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, sai ga jerin sunayen mutanen ƙauyuka da ke tsegunta wa jami'an tsaro motsin 'yan bindiga, kowanne da sunan ƙauyensa da lambar wayarsa da ɗan abin da ake ba shi a wata. Na juya masa fuskar kwamfutar na ce, "Malam, karanta mini suna na farko." Ya karanta, ya yi shiru, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Shi a zuciyarsa manyan da suka ci kuɗin yake tsoratarwa. Bai tsaya ya lura cewa waɗannan manyan ba abin da zai same su idan jerin ya fita ba, manomin da ke layi na farko ne za a je wa cikin dare. Muka goge jerin a gabansa. Takardun kuɗin kuwa muka raba kwafinsu tsakanin lauyansa da wasu editoci biyu, ya kuma rubuta bayaninsa da hannunsa ya sa hannu gaban lauyan. Bayan labarin ya fito an mayar da shi wani reshe mai nisa, an danne masa ƙarin girma. Yana nan da ransa, amma ba zan ce dabararmu ce ta tsare shi ba.

Ka lura kuma da abin da barazanar take yi wa maganar kanta. Ranar da mai kwarmato ya ce "ku bar ni ko in tona," ranar ya ba hukuma kyauta. Daga nan ba za a ƙara maganar laifin da ya fallasa ba, sai maganarsa shi: ɗan damfara ne, karen farautar wata ƙasa ne. Idan kuma ya haɗa da neman kuɗi ko muƙami, to ya fita daga sahun masu kwarmato gaba ɗaya, ya shiga laifin karɓar abu ta hanyar tsoratarwa, wanda dokokinmu suka tanadar wa hukunci. A nan abokinka yana da gaskiya.

Abin da ya fi tsare mutum

Akwai bambanci tsakanin barazana da adana hujja, kuma a nan ne nake ganin ra'ayinka yana da gurbi. Mutumin da ya ajiye kwafin shaidar laifin a hannun lauya da ɗan jarida, don kada a kashe maganar ta hanyar kashe shi, bai yi garkuwa da kowa ba. Abin da ya ajiye abu ne da ko yana raye ko ba ya raye ya cancanci ya fito, an tace shi, an cire sunayen marasa laifi, kuma hukuncin sakinsa yana hannun mutanen da za su karanta kafin su buga. Wannan yana rage ribar da za a samu a cutar da shi, ba tare da ya ƙara wa wani haɗari ba.

Daniel Ellsberg, wanda ya fitar da takardun Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, kan yaƙin Biyetnam a 1971, ya kwafi shafi kusan 7,000. Amma kundi huɗu da suka shafi tattaunawar sulhu bai ba jaridu ba, don kada ya ɓata ƙoƙarin kawo ƙarshen yaƙin, kuma bai ce zai sake su idan aka ɗaure shi ba, alhali yana fuskantar ɗaurin shekara 115. An kori ƙarar a watan Mayun 1973 bayan ta bayyana cewa mutanen fadar Shugaba Nixon sun fasa ofishin likitansa. Katharine Gun, mai fassara a GCHQ, hukumar leƙen asiri ta Birtaniya, takarda ɗaya ta fitar a 2003, wadda ke nuna Amurka na neman taimako a saurari wayoyin wakilan ƙasashe shida a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da Kamaru da Gini da Angola, gabanin ƙuri'ar yaƙin Iraƙi. Ta amsa cewa ita ce. Lauyoyinta suka nemi a kawo kotu shawarar da babban lauyan gwamnati ya bayar kan halaccin yaƙin, sai a watan Fabrairun 2004 masu gabatar da ƙara suka janye. Wannan ma matsin lamba ne, amma a gaban alƙali aka yi shi, da ƙa'ida. A Amurka har doka aka kafa a 1980 don tsara yadda za a riƙa amfani da takardun sirri a kotu, saboda yawan waɗanda ake tuhuma da ke cewa za su fallasa asiri a wajen kare kansu.

Idan a Najeriya kake tunanin abin, ka san ƙasar da kake takawa. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, a sashe na 27, ta ba da kariya ga ma'aikacin da ya bayyana abin da yake da dalilin gaskata cewa almundahana ce, ko amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, ko haɗari ga lafiyar jama'a. Shirin kwarmato da ma'aikatar kuɗi ta ƙaddamar a Disambar 2016 ya yi alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, amma tsari ne na gwamnati, ba dokar majalisa ba, sabanin Ghana da ta yi tata dokar tun 2006. Kuma batun tsaro ba a ɗaukarsa da wasa: a watan Janairun 2019 sojoji sun rufe ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri saboda labari kan shirin ƙwato Baga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kariya da aka rubuta don wanda ya tara bayanan leƙen asiri yana barazana da su.

Ni ɗan jarida ne, ba lauya ba, kuma duk wanda ke cikin wannan hali yana buƙatar lauya tun kafin ya kwafi shafi na farko, don abin da ya ɗauka da yadda ya ɗauka su ne za su biyo shi kotu. Na kuma yarda akwai wani lungu da ba zan iya zargin mutum ba: wanda ya tabbata ana farautar ransa, a ƙasar da babu kotun da zai kai kuka, kuma abin da ya ajiye shaida ce kan masu farautar tasa su kaɗai, babu sunan wani bawan Allah a ciki. Irin wannan mutum idan ya ce "in kun kashe ni za a san ku ne," ban ga laifinsa ba. Sai dai a takardun da suka biyo ta hannuna, da wuya ake samun fayil mai tsabta haka. Mutum yakan kwafe tarin takardu ne cikin gaggawa, gabansa na faɗuwa, ana jiran a kulle ofis, bai karanta ko kashi ɗaya cikin goma ba. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da ma'ajiya ya ce in ajiye masa saboda bacin rana, nakan jawo masa kujera kusa da tawa, in ce mu buɗe mu karanta tare tukuna.